Lilon dawakin katako

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wani abin wasa da ake kira lilon dawaki. Da Faransanci sunansa manège ko carrousel. Wani babban faifai ne na katako mai rumfa a bisa. An jera dawakin katako a kansa, an yi musu fenti da ado. In aka tada inji, sai faifan ya riƙa juyawa, kiɗa yana tashi, yara da manya suna bisa dawaki.

Wannan wasa ya samo asali daga mahaya na gaske. A zamanin da, baraden Turai suna gwada gwaninta da zobe. Akan rataye zoben, mahayi ya taho a guje ya cire shi da tsinin mashi. A shekara ta 1662 sarkin Faransa Luwi na 14 ya yi wani babban bikin hawa a birnin Pari. Har yau ana kiran filin bikin Place du Carrousel. Da tafiya ta yi tafiya, aka sassaƙa dawakin katako don a yi wasan zoben ba da doki mai rai ba.

Da farko mutum ko doki ne ke juya lilon. A 1861, a Ingila, Thomas Bradshaw ya sa injin tururi ya yi wannan aiki. Yanzu wutar lantarki ce ke juya mafi yawansu.

Akwai mutanen da ke tafiya gari gari don su ga tsofaffin lilo, su kuma hau su. Wani ya je Hanau a Jamus, inda akwai wanda aka gina a 1780. An gyara shi, ya sake juyawa a 2016. Wani ya je lambun Luxembourg a Pari. Lilon da ke can na 1879 ne, kuma har da giwa cikin dabbobinsa. Ana ba yara ƴan sanduna su cire zobba, kamar baraden da. Wani kuma ya shiga jirgin ruwa zuwa garin Oak Bluffs, a wani tsibiri na Amurka. An yi dawakin can a 1876, gezarsu da wutsiyarsu gashin doki ne na gaske. Wanda ya kama zoben tagulla zai sake hawa kyauta.

Waɗannan matafiya ba hawa kaɗai suke yi ba. Suna duban aikin masassaƙi: idon doki, linzami da sirdi. Sun san gefen doki da ke kallon waje ya fi na ciki ado, don shi ne jama'a ke gani. Suna lura da inda lilon ke juyawa. A Ingila yakan bi hannun agogo, a Amurka kuwa yakan saɓa masa. Suna ɗaukar hoto, suna rubuta sunan wuri da shekarar da aka yi lilon.

Tafiyar tasu tana da amfani. A da akwai dubban lilon katako a Amurka, amma yau waɗanda suka rage ba su kai 200 ba. Wasu gobara ta cinye su, wasu ruwa ya ɓata su. Wasu kuma masu su ne suka rarraba dawakin, suka sayar ɗaya ɗaya don samun kuɗi. Saboda haka a 1973 masu son lilo a Amurka suka kafa ƙungiya don kare sauran.

Dokin katako ba ya cin dawa, ba ya shan ruwa, amma shi ma yana son kulawa. Ana yi masa fenti, ana gyara inji da rumfa. Kuɗin da mahaya ke biya yana taimakon wannan aiki. Lilon da ya rasa mahaya, ba ya daɗewa sai a rufe shi.

Tambayoyi

1. Daga wane wasa lilon dawaki ya samo asali?
2. Me ke juya lilo a da? Me ke juya shi yanzu?
3. Don me tsofaffin lilo suka ragu a Amurka?