Lulluɓe ƙofar mota da sabon yadi: sana'ar tsakar gida

Ƴan uwa mata, duk wadda ta taɓa shiga motar kasuwa daga Bakin Birji zuwa Damagaram ko Tanut ta san yadda cikin ƙofofin yake. Yadi ya ɓalle yana reto, soso ya zama gari, wani wurin ma ƙarfe ne tsirara yana kama mayafi. Babbar hanyar Damagaram zuwa Agadas ta ratsa ƙaramar hukumarmu ta Ollelewa, ga kuma matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011, don haka motoci ba su yankewa. Kowace da ƙofofinta, kuma rana tana cin su.

A birni masu gyaran kujerun mota ne ke wannan aiki. Amma allon da ke cikin ƙofa ba manne yake da ƙarfe ba. Ƙusoshi da ƴan maɓallan roba ne ke riƙe da shi. Direba ko yaronsa zai iya kwance shi, ya aiko mana har gida. Ke nan ba sai mun je tasha ba, kuma ko keken ɗinki ba dole ba ne. Almakashi, reza, gam da hannu mai natsuwa sun isa.

Abin da ke sa yadi ɓallewa

Tsakanin yadin da allon akwai siririn soso. Zafi ne ke cinye shi har ya koma gari, yadi ya rasa abin kamawa. A nan masu gaggawa ke faɗuwa. In aka shafa gam a kan garin nan, aikin zai yi kyau ranar farko, amma da zafin bazara ya shigo sai ya kumbura ya saki. Mu kankare shi tas da buroshi, mu goge, har sai mun shafa hannu ba abin da ya biyo.

Kar mu jefar da tsohon yadin, shi ne ma'auninmu. Mu shimfiɗa shi a kan sabon, mu yanka, mu bar rarar yatsa uku ta kowane gefe don naɗewa ta baya. In ruwa ya lanƙwasa allon ko ya ruɓe, a gaya wa mai mota tun da wuri, kafinta ya yanko sabo da siririn katako.

Yadi da gam

Atamfa tana da kyau a ido, amma siririya ce. Gam yana ratsa ta ya bar tabo, rana kuma ta kore launinta. Yadi mai kauri da ke ɗan miƙewa ya fi bin lungunan allo. Ga motar haya da ke ɗaukar mutane da buhuna, ledar nan mai kama da fata ta fi, don da tsumma ake goge ta.

Gam ɗin kuwa irin na masu gyaran takalma ne. Ana shafa shi siriri a allo da kuma bayan yadi, a jira ƴan mintoci har ya daina bin yatsa. Sannan a fara mannawa daga tsakiya, ana lallashi da tafin hannu zuwa gefe. Da ya kama ya kama, ba a ɗaga shi a gyara. A kusurwa sai a tsattsaga rarar kafin a naɗe. Ramukan hannun ƙofa da na abin murɗa gilashi su ne na ƙarshe, kuma ƙanana ake fara yankawa.

Don Allah a kula: gam ɗin nan yana kama wuta, warinsa kuma yana sa jiri. A yi aikin a inuwa, inda iska ke kaɗawa, nesa da murhu, nesa da yara. Mai juna biyu ta bar wa wata shafawar. Motar da ƙofarta ke da maɓallan lantarki kuma, bakanike ne zai cire allon ya mayar.

Lissafi kafin bashi

Tun da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, dokar akwatinmu ɗaya ce: abin da aka ɗauka zai dawo da ribarsa a ranar da aka yanke. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, gaskiya ne, amma ruwan na mu duka ne. In aiki ya saki, direba zai nemi kuɗinsa, labari ya zaga tasha, bashi kuma yana nan yana jira.

Saboda haka kafin wata ta ɗaga hannu ranar zubi, ta lissafa kuɗin yadi, gam da soso, da kuɗin motar wanda zai sayo su a Damagaram, da ribar asusu, da ladan wuninta. Ta karɓi kuɗin kaya daga mai mota kafin ta sa almakashi. Mata biyu ko uku za su iya haɗa kai su sayi gwangwanin gam ɗaya, tunda in aka buɗe aka ajiye bushewa yake yi.

Shawararmu ga kowace ƙungiya ita ce a nemo tsohon allo ɗaya wurin bakanike, a lulluɓe shi tare bayan taro, a jingine shi a rana mako guda. In bai saki ba, shi ne za a aika tasha direbobi su gani. Gani ya kori ji. In ya saki, a sake kankarewa a sake gwadawa, kuɗin akwati kuma suna nan ba a taɓa su ba.

Allah ya sa albarka a nemanmu.