Ko Kun Sani?

Layin dogo ne ya raya garin Kafanchan. A 1927 aka haɗa layin da ya taso daga Fatakwal ya bi ta Inugu da Makurdi zuwa Kaduna, kuma daga Kafanchan reshe ya nufi Jos.

Jiragen wancan zamani da tururi suke tafiya. Ana ƙona kwal ɗin Inugu a tafasa ruwa cikin wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe a rufe ruf. A buɗaɗɗiyar tukunya ruwa yana tafasa ne a kusan digiri 100, amma a ta jirgi matsi yakan kai zafinsa kusan digiri 200. Shi ya sa idon direba da mai zuba kwal ba ya barin allurar agogon matsi. In tururi ya wuce ƙima, sai wani bawul mai sifirin ya buɗe da kansa ya fesar da rarar, don kada tukunyar ta fashe.

Bafaranshe Denis Papin ne ya ƙirƙiro asalin wannan bawul wajen 1679, amma nasa ba mai sifirin ba ne. Har yau irin wannan bawul ne a tukunyar dafa wake mai matsi, da tukwanen ɗumama gidaje a ƙasashen sanyi irin su Amurka.