Sayen Kaya a Wurin Gwanjo

A kasuwa kai kaɗai kake taya kaya, mai shi yana cewa albarka, in ba ku shirya ba ka tafi ka komo gobe. Gwanjo ba haka yake ba. Mutane da yawa ke taya abu ɗaya, kowa yana ƙari a kan ɗan'uwansa. Muddin mai gwanjo bai buga guduma ba, kana da ikon janye tayinka. Da ya buga, ciniki ya faɗa, ba mayarwa.

Ofisoshin gwamnati sukan yi gwanjon tsofaffin tebura da kujeru da kabad. Kotu ma takan sa a sayar da kayan wanda ya kasa biyan bashi. Galibi akan bar mutane su duba kayan kafin a soma. Kada ka bari wannan lokaci ya wuce ka, gama ba a cinikin biri a sama.

In ka isa ga tebur, girgiza shi ka ji ko ƙafafunsa na rawa. Jawo aljihunsa, ka leƙa ƙarƙashi, inda mai fenti ba ya kai hannu. Can za ka ga ainihin katakon. Maɗaci da loko suna da nauyi, suna kuwa daɗewa. Amma nauyi kaɗai ba shaida ba ne, domin akwai allon da ake yi da garin katako da gam, a lulluɓe shi da fuska mai sheƙi. Shi ma yana da nauyi, sai dai in ruwa ya taɓa shi ya kumbura, kafinta kuwa ba shi da maganinsa. Duba gefensa inda ya guntule, za ka gane shi. In ka ga ƙananan ramuka da gari mai laushi a ƙasa, ƙwaro na ciki. Bar shi ko da kyauta, kada ka kai wa sauran kayan ɗakinka baƙo.

Sa'an nan ka yi lissafi tun kana gida. A ce tebur irin wannan, wanda aka yi amfani da shi, naira 40,000 ne a kasuwa. Gyara zai ci 6,000, ɗauko shi 4,000. In akwai la'adar da mai saye ke biya, ka tambaya tun da wuri, ka cire ita ma. To, iyakarka ba ta wuce 30,000 ba. Rubuta ta a takarda ka riƙe a hannu.

Dalilin rubutawa shi ne, wurin gwanjo yana da zafi. Mutum ya ga wani ya ɗara shi da dubu ɗaya, sai ya ji kamar an ci masa fuska, ya ƙara, a ƙara, har ya sayi tsoho da kuɗin sabo. Akwai kuma masu tayi ba don su saya ba, sai don su hau da kuɗin. Malaman fiƙihu suna kiran wannan najashu, shari'a ta hana shi, amma ana yi. Gwanjon farko da za ka je, ya fi kyau ka zauna a baya ka yi kallo kurum.

Kayan da kuwa, watau irin takubba, da tasoshin tagulla, da ƙofofi masu sassaƙa, sha'aninsu dabam ne. Na jabu suna da yawa, akan shafa wa sabo toka ko a binne shi a ƙasa don ya yi kama da tsoho. Na gaskiyar kuma doka ta tsare su. A 1979 aka kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Nijeriya, dokarta ta sa abin fasaha da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi. Ba mai sayensa sai wanda hukumar ta yarda da shi, ba a kuwa fita da shi ƙasar waje sai da takardar izini. Mutum-mutumin yumɓu na Nok, waɗanda masu haƙar kuza suka fara tonowa a 1928, suna cikin wannan. Idan aka kawo maka irinsu, kada ka taya. In kana shakkar wani abu, je gidan tarihi na Jos ko Gidan Makama a Kano ka tambayi ma'aikatansu kafin ka fid da kuɗinka.