Tun a Ciki Ake Ƙirga Zaren Tsoka

Duk wanda ya taɓa turke rago a garin Sarkin Yamma yana jiran layya ya san wannan takaici: raguna biyu, dusa ɗaya, harawar wake ɗaya, amma bayan wata uku ɗaya ya cika fam, ɗayan kuwa sai tumbi da ƙashi. Masu kiwo sukan ce iri ne. Suna da gaskiya, sai dai gaskiyar ta fi haka zurfi, domin an gama wani muhimmin lissafi tun ragon yana cikin uwarsa.

Jikin dabba da na mutum ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani. Kusan kowace ƙwaya tana ɗauke da kundi iri ɗaya, wato DNA, mai babi wajen 20,000 a jikin ɗan Adam; babin nan su ne ƙwayoyin gado. Kundin da ke cikin ƙwayar hanta shi ne ke cikin ta cinya. Abin da ya raba su shi ne wane babi aka buɗe, wane aka bari a rufe. Masu buɗewa da rufewa kuwa wasu furotin ne na musamman, waɗanda ke zama a bakin babin su ba da izinin karanta shi.

A 1987, a birnin Siyatil na Amurka, Robert Davis da Harold Weintraub da Andrew Lassar suka gano ɗaya daga cikinsu, suka sa masa suna MyoD. Suka ɗauki ƙwayoyin ɓera waɗanda ba na tsoka ba, suka saka musu shi, sai ga su sun rikiɗe sun zama ƙwayoyin tsoka. Furotin guda ya sauya wa ƙwaya sana'a ɗungurungum! Yadda yake aiki shi ne, yakan haɗa kai da wani abokin aiki, su nemi wata alama mai harafi shida a jikin DNA, su maƙale a wurin, su sassauta naɗin da ya ɓoye babin.

Daga baya aka gane su huɗu ne ƴan gida ɗaya: MyoD, Myf5, mayojenin da MRF4. Biyun farko su ne ke yi wa ƙwayar ɗan tayi shaida cewa ita ta tsoka ce, kuma suna iya riƙe wa juna aiki. An cire ɗaya a ɓera, ya tashi da tsokarsa. Da aka cire duka biyun a 1993, sai aka haife shi babu tsokar da ke motsa ƙashi ko kaɗan. Mayojenin shi ne mai ƙarasa gini. Idan lokacinsa ya yi, ƙwayoyin sukan daina rabuwa, su jeru, su narke cikin juna su zama dogon zare ɗaya mai cibiyoyi masu yawa, a buɗe babin aktin da mayosin, furotin biyun da ke jan juna duk lokacin da manomi ya ɗaga hauya.

Akwai kuma mai taka birki. A 1997 Se-Jin Lee da Alexandra McPherron na jami'ar Johns Hopkins suka bayyana mayostatin, wanda aikinsa hana tsoka wuce gona da iri. Shanun Beljiyam da ake kira Belgian Blue, masu cinya kamar an cusa musu buhuna, birkin nan ne ya lalace musu. Kafin wani ya yi sha'awar kawo su Maraɗi, ya sani mafi yawan matansu sai an yi musu tiyata suke haihuwa.

To, ina ruwan mai kiwo da wannan duka? A mutum da tumaki da awaki, yawan zaren tsoka kusan a ciki ake kammala shi. Bayan haihuwa zaren kauri kawai yake ƙarawa. Masu wannan aikin wasu ƙwayoyi ne da ke kwance a gefen kowane zare, waɗanda Alexander Mauro ya fara gani a tsokar kwaɗo a 1961. Barci suke yi, furotin Pax7 yana gadinsu. Idan tsoka ta sha wahala ko ta yage, sai su farka, su kunna MyoD, su rabu, su shige cikin zaren su ƙara masa ƙarfi, wasu kuma su koma barci don gaba. Ɗan kokawar da ke atisaye yana mafarkin ɗaukar takobi a filin Kantu na Maraɗi, waɗannan ƙwayoyi yake tayarwa kullum asuba, ko da bai taɓa jin sunansu ba. Amma zaren da ya zo da shi duniya, shi yake kaurarawa.

Gwaje-gwajen da aka yi kan tumaki sun nuna cewa tunkiyar da ta sha yunwa daga farkon ciki zuwa tsakiyarsa takan haifi ɗa mai ƙarancin zare, kuma dusar duniya ba za ta mayar da abin da ba a ƙirga ba. A nan nake ganin muna yin kiwo a bai-bai. Ragon turke ne ɗan lele: shi ke da dusa da harawa da kanwa. Tunkiya ko jar akuyar Maraɗi mai ciki kuwa, wadda wata biyar kacal gare ta ta gina ɗa, ita ake sakewa cikin bazara ta je ta tsinci karan gero da leda a bayan gari.

Lissafin bai tsaya kan dabbobi ba. A asibitocin Madarunfa, ma'aikacin lafiya yakan naɗa ɗan ma'auni mai launi uku a damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa 59. Idan ya faɗa ja, ƙasa da milimita 115, tamowa ce mai tsanani. Tsoka da ɗan kitsen da ke kanta ake aunawa, domin jikin da ya rasa abinci tsokarsa yake narkarwa ya rayu. Idan aka samu yaron da wuri aka ba shi abincin gyaɗar nan na magani, zarurrukan sukan sake cika, ma'aunin ya bar ja ya koma rawaya, daga nan ya kai kore.