Gyaran Gida Domin Sayarwa: Ina Iyakar Ado, Ina Mafarin Algus?

Akwai wata sana'a da ta yaɗu tsakanin 'yan kasuwa da ma'aikatan Gwamnati a garuruwanmu, watau mutum ya sayi tsohon gida da rahusa, ya kira birkila da kafinta da mai fenti su yi masa kwaskwarima, sa'an nan ya danƙa shi a hannun dillali ya nemo mai saye. Ma'aikacin da ya karɓi kuɗin sallama yakan ga wannan hanya ta fi masa ajiyar banki, ɗan kasuwa kuma yakan ga ta fi tara hatsi kwanciyar rai. A ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum, inda rashin zaman lafiya ya koro mutanen ƙauyuka da yawa zuwa cikin gari, neman muhalli ya tsananta, mai gida kuwa ba ya rasa mai tayi.

Shari'a ba ta hana wannan ciniki ba, kuma ba ta hana mai kaya ya gyara kayansa don kwalliya ta biya kuɗin sabulu ba. Abin da muke so mu duba a wannan mako ƙarami ne a ido, watau zaɓen abin da za a shimfiɗa a ƙasan ɗaki da abin da za a shafa a bango. Amma a wannan yanki ƙasan ɗaki ta taɓa cin rayukan yara, sabo da haka ba za mu ɗauki maganar da wasa ba.

Mai karatu zai tuna da abin da ya faru a shekarar 2010. A cikin watan Maris na wannan shekara ne likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara ƙanana suna mutuwa ba ƙaƙƙautawa a waɗansu ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ana ba su maganin zazzaɓin cizon sauro ba ya yi musu aiki. Da aka auna jininsu sai aka tarar gubar dalma ce. Dutsen zinariyar da ake haƙowa a daji yana ɗauke da dalma mai yawan gaske, mutane kuwa cikin rashin sani suna kawo shi gida, a daka a turmi, a niƙa a injin niƙan hatsi, a wanke, a shanya a tsakar gida. Ƙurar ta zauna a ƙasa, yaro mai rarrafe ya dafa hannu ya kai baki. An ƙiyasta yara wajen 400 ne suka rasu, waɗansu da suka rayu kuma gubar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa har abada.

Tungar Daji, a Ƙaramar Hukumar Anka, tana cikin ƙauyukan da abin ya shafa. An fara aikin tsabtace ƙasa a Dareta da 'Yargalma a tsakiyar 2010, sa'an nan daga ƙarshen wannan shekara zuwa farkon 2011 aka yi na Tungar Daji da Abare da Sunke da Duza da Tungar Guru. Bagega, wadda ta fi su girma, sai a 2013 aka kai gare ta. Injiniyoyin kamfanin TerraGraphics na Amurka da Cibiyar Blacksmith ne suka tsara aikin tare da ma'aikatan Jihar Zamfara, mutanen ƙauyukan kuma su suka riƙe fartanya da shebur. Yadda aka yi shi ne, a shiga gida da wata na'ura ta hannu mai auna ƙarfe a cikin ƙasa, inda aka ga gubar ta yi yawa a kankare saman ƙasa kamar inci biyu, a zuba a buhu a kai wani rami da aka tanada a bayan gari a binne, sa'an nan a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa. Inda daɓen siminti ne ya gurɓata, akan yi masa sabon shafen siminti a rufe. Ma'aunin da hukumar kula da muhalli ta Amurka take aiki da shi a lokacin ga filin wasan yara shi ne kada dalma ta wuce kashi 400 cikin miliyan, alhali kuwa a waɗansu gidajen Zamfara an sami abin da ya haura kashi 100,000.

Abu biyu muke so a riƙe daga wannan labari. Na farko, dalma ba ta ruɓewa, ba ta wari, ba ta da launin da ido zai gane; shekara goma sha biyar ba ta rage mata komai. Na biyu, likitoci sun ƙi fara ba yaro maganin fitar da gubar muddin gidan da zai koma ba a gyara ƙasarsa ba, domin magani a asibiti ba ya amfani idan daɓen ɗakin uwarsa yana nan yadda yake.

To, a nan ne mas'alar ta yi wuya, kuma a nan ne muke ganin mutanen kirki da yawa suna ruɗewa. Rufe ƙasa da siminti magani ne na gaskiya, tun da masana da kansu sun yi shi. Amma wannan rufewa ita ce kuma hanyar da mai algus yake bi. Bulo ɗaya, buhun siminti ɗaya, birkila ɗaya. Wannan ya yi gyara, wancan ya yi ha'inci. Me ya raba su?

Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da amsa wannan. Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci a tsibe, ya cusa hannu a ciki ya ji danshi. Mutumin ya ba da uzurin ruwan sama ne ya taɓa shi. Abin lura shi ne ba a zarge shi don kayansa sun jiƙe ba, kuma ba a hana shi sayar da su ba. Laifinsa shi ne ya sa jiƙaƙƙen a ƙasa inda mai saye ba zai gani ba. Haka nan hukuncin dabbar da aka ƙi tatsa kwanaki don hantsarta ta cika a kai ta kasuwa, wanda Buhari da Muslim suka kawo: mai ita bai furta ƙarya ko ɗaya ba, aikinsa ne ya yi masa ƙaryar, kuma aka ba mai saye damar mayar da ita. Sabo da haka tayil ma yana iya yin ƙarya a madadin mai gida. Ibn Abi Zaid a babin ciniki na Risala ya haramta ɓoye aibi, ya kuma haɗa da ɓoye duk wani abu game da kaya wanda in an faɗa wa mai saye zai ƙi su ko ya rage tayi. Da wannan ma'auni, wane uba ne za a gaya masa an taɓa niƙa dutse a tsakar wannan gida, bai sake tunani ba?

Malamai sun keɓe gida da wani bayani na musamman, wanda yake cikin Muhtasar na Shaihu Halil da sharhohinsa. Sun kasa aibin gida kashi uku. Akwai ƙanƙani wanda ba ya rage daraja, kamar guntun ado da ya faɗo daga kan bango, wannan babu komai a kansa. Akwai matsakaici, kamar tsagar bangon da ba a tsoron ta kayar da gidan. A nan ciniki yana nan, amma mai saye zai karɓi ragin kuɗi gwargwadon aibin. Akwai kuma babba, wanda ake tsoron rushewa sabo da shi, ko wanda ya yanke wani amfani na gidan, kuma misalin da suka bayar shi ne rijiyar gida ta zama mai gishiri a unguwar da ruwanta yake da daɗi. A wannan mai saye yana da ikon ya mayar da gida ya karɓi kuɗinsa. In ruwan zartsi ya isa ya warware ciniki, to mu a ganinmu tsakar gidan da yaro ba zai iya wasa a cikinta ba ta fi cancanta, ko da yake yanke hukunci a kan kowane gida aikin alƙali ne bayan ya ji ta bakin masana.

Kada kuma wani ya dogara da abin da dillalai suke cewa, wai an sayar yadda aka gani. A mazhabarmu kuɓuta daga aibi ba ta amfanin wanda ya san aibin ya yi shiru. Bugu da ƙari, in kaya suka halaka sabo da aibin da aka ɓoye da gangan, asarar tana kan mai sayarwa. Wanda ya cike tsagar harsashin gini da siminti ya bi da fenti, damina ta zo bangon ya zube, kuɗin da ya karɓa bai zama nasa ba.

Yanzu bari mu koma ga zaɓen kayan. Daɓen gargajiya na marmara da ruwan makuba yana da sanyi da arha, kuma ba mu raina shi ba, amma duk ƙimarsa tana ga inda aka ɗebo ƙasar. A ƙauyukan haƙar zinariya, kududdufin da ake ɗiban ƙasar tubali sau da yawa shi ne wanda aka wanke dutse a bakinsa. Mai gyara ya bi mai amalanke da ƙafarsa ya ga ramin, kada ya karɓi ciko daga tsohon wurin niƙa ko kusa da ramukan da aka binne gurɓatacciyar ƙasa, ko da kyauta aka ba shi.

Daɓen siminti mai kauri, wanda aka zuba a kan tsakuwa aka goge shi sumul, shi muka fi so ga gidan mai ƙaramin ƙarfi, domin ana iya goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, tsintsiya kuwa tayar da ƙura take yi ta mayar da ita kan tabarma da kwanon abinci. Sai dai a yi shi da gaskiya. Shafen da bai wuce kaurin yatsa ba, wanda yashi ya rinjayi simintinsa, kafin shekara ya fashe, abin da aka rufe ya sake fitowa. Tarazo ya fi duka ƙarko, kamar yadda tsofaffin ofisoshin Gwamnati da asibitoci suke shaida, amma masu aikinsa sun yi ƙaranci. Tayil shi ne abin yayi, shi ne kuma mai saurin jawo tayi. Ba mu da ja da shi in an shimfiɗa shi a kan daɓe mai kyau, sai dai mai ƙyalli bai dace da banɗaki da wurin alwala ba, inda tsoho ko mai ciki za su taka da jiƙaƙƙiyar ƙafa. Amma ledar ɗaki da kafet, mu dai in muka shiga gidan sayarwa muka tarar an malala su bango zuwa bango, hannunmu yakan kai ga kusurwa ya ɗaga, domin su ne mayafin ramin gara da danshi, kafet kuma rumbun ƙura ne.

Fenti ma yana da tasa. Amurka ta hana fentin gida mai dalma tun 1978, kuma iyakar da Majalisar Ɗinkin Duniya da Hukumar Lafiya ta Duniya suke kira a bi ita ce kashi 90 cikin miliyan. An fi samun dalma a fenti mai mai, musamman rawaya da ja da ruwan lemo masu haske, irin waɗanda ake shafa wa ƙofa da taga da ƙarfen baranda, daidai inda yaro yake kama wa ya tsaya. Fentin ruwa da farar ƙasa sun fi aminci a cikin ɗaki. In za a kankare tsohon fenti, a jiƙa shi tukuna, a fitar da yara, a kwashe ɓarɓashin. Bangon da gishiri yake tasowa daga gindinsa kuwa, fenti ba ya warkar da shi. Ruwa ne yake hawa daga ƙasa, kuma wanda ya shafe shi a cikin rani ya sayar kafin ruwan farko ya san abin da ya yi.

Wani zai ce, in na rufe da kyau har cutar ta kau, me ya rage da zan faɗa? Abin da ya rage shi ne gida ba ya zama yadda aka sayar da shi. Mai saye zai haƙa masai, zai fasa daɓe ya ja famfo, zai ƙara ɗaki in ya ƙara aure, matarsa za ta shuka yakuwa da kuɓewa a bayan ɗaki, kaji za su tona. Duk wanda bai san abin da ke ƙarƙashi ba zai tono shi da hannunsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ranar ciniki kuwa ita ce ranar wankan gida.

Ga dillali kuma, wanda la'adarsa take rataye da faɗuwar ciniki, wajibin bayani yana kansa in ya sani, kamar yadda yake kan mai gida. Hanyar da ta fi sauƙi ga kowa ita ce a sa bayanin a cikin takardar ciniki a gaban shaidu da mai unguwa: an taɓa aikin dutse a gidan ko ba a taɓa ba, an kankare ƙasarsa a aikin 2010 da 2011 ko ba a kai gare shi ba, an koma niƙa a cikinsa bayan haka ko ba a koma ba, daga wane rami aka kawo ciko, wane bango aka ɗinke, wane ɗaki ne yake yoyo. Tun da MSF ta miƙa aikin gubar dalma ga hukumomin Jihar Zamfara a 2022, mai shakka a kan ƙasar gidansa sai ya nemi ma'aikatan muhalli da na lafiya na Jiha su auna masa kafin birkila ya kwaɓa siminti, domin awon ya fi sauƙi a kan buɗaɗɗiyar ƙasa, kuma takardar sakamakon tana iya bin takardar gida zuwa hannun mai saye.