Yadda ake gyara hoton da ya yi dishi-dishi

'Yan uwana ɗalibai, kun taɓa ɗaukar hoto da waya hannunku ya motsa, hoton ya fito dishi-dishi? Yawancinmu gogewa muke yi. To ashe wani lokaci ana iya ceto shi da lissafi.

Ku ɗiga tawada a kan jiƙaƙƙiyar takarda, za ku ga ɗigon ya bazu. Haka haske yake yi a irin wannan hoton. Kowane ɗigon haske ya bar wurinsa ya shiga na maƙwabtansa. Hasken bai ɓata ba, cakuɗewa ya yi. Idan an san yadda ɗigo ɗaya ya bazu, ana iya tattaro sauran a mayar da su wurarensu.

Wannan ya faru da gaske. A shekarar 1990 hukumar NASA ta Amurka ta harba na'urar hangen nesa mai suna Hubble zuwa sararin samaniya. Da hotuna suka fara zuwa sai aka ga duk sun yi hazo. Ashe an yi kuskure wajen goge babban madubinta mai faɗin mita 2.4. Kuskuren bai kai kaurin gashi ɗaya ba, amma ya ɓata aikin!

Taurari ne suka taimaka. Saboda nisansa, tauraro ɗan ɗigo ya kamata ya fito a hoto, don haka yadda ya bazu ya nuna wa masana irin bazuwar. Sai suka yi amfani da dabarar Richardson da Lucy, wadda aka fitar a 1972 da 1974. Kwamfuta za ta yi hasashen hoto mai kyau, ta dusashe shi da irin waccan bazuwar, ta gwada da hoton gaske, ta gyara hasashenta. Haka za ta yi ta maimaitawa har su yi kama.

Amma kada finafinai su ruɗe ku, inda ɗan sanda ke danna maɓalli fuskar ɓarawo ta fito tar. Abin da kyamara ba ta kama ba, lissafi ba zai dawo da shi ba. Idan ma aka matsa da maimaitawa, sai ɗige-ɗigen ƙarya su cika hoton. Taurari masu raunin haske sun ci gaba da yi wa Hubble wuyar gani, sai da 'yan sama jannati suka je a Disambar 1993 suka saka mata wasu ƙananan madubai, kamar an yi mata tabarau.