Hujjar Guzuri a Ƙofar Turai

Mutane da yawa suna zaton da zarar an buga wa mutum biza a fasfo, to ƙofar ƙasar da ya nufa ta buɗe ke nan. Alhali kuwa a ƙasashen Turai 29 da ke ƙarƙashin yarjejeniyar Shengen, wadda aka fara ƙullawa a 1985, jami'in shige da fice yana da ikon tsayar da mai yawon buɗe ido a filin jirgi, ya nemi hujjar cewa yana da abin da zai ci, ya biya masauki, ya kuma koma gida, in hujjar ta gaza a mayar da shi inda ya fito.

Kowace ƙasa ita ke yanka nata adadin. Jamus tana neman Yuro 45 a kowace rana. Faransa kuwa ta kasa mas'alar kashi uku: wanda ya kama ɗaki a otal ya nuna Yuro 65 a rana, wanda bai kama ba ya nuna 120, wato sefa 78,000 da ɗoriya, shi kuma wanda wani mazaunin ƙasar ya karɓo masa takardar shaidar masauki daga ofishin magajin gari, Yuro 32.50 sun wadatar masa. Bayan wannan akwai inshorar lafiya wadda za ta iya ɗaukar jinyar Yuro 30,000.

Asalin sharaɗin ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin malaman fiƙihu sun daɗe da sanya istiɗa'a cikin sharuɗɗan wajabcin Hajji, don kada matafiyi ya zama nauyi a kan mutanen da ya sauka garinsu. Inda abin yake yi mini ciwo shi ne irin hujjar da ake karɓa. Tun wajen neman biza, ofishin jakadanci takardar bayanin asusun banki ta watanni uku zuwa shida yake dubawa, yana bin shigar kuɗi da fitarsu layi bayan layi. Saboda haka attajirin da dukiyarsa take cikin garken shanu, ko buhunan hatsi a Dawanau, ko dilolin atamfa a Kantin Kwari, sai ya zama tamkar fakiri a idon mai dubawa, ma'aikaci mai ɗan albashin wata kuwa ya wuce salin alin.

Daga nan ne wasu ke faɗawa hannun dillalan biza, a ranto musu miliyoyi a zuba a asusu ana saura mako guda su nemi biza. Wannan ha'inci ne, kuma ba ya ɓuya, gama kuɗin da suka faɗo dare ɗaya babu takardar ciniki ko rasidin da ke bayyana mafarinsu su ne abin da jami'in ke fara tuhuma. Wanda ke da niyyar tafiya, ya kamata tun watanni shida kafin ya nemi biza ya riƙa bi da cinikinsa ta banki, ya adana takardar rajistar kasuwanci da ta haraji, domin Yuro 90 na kuɗin neman biza ba a mayar da su ga wanda aka hana.